Takardar da ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Yau Alhamis, sha tara ga wata. Ƙafafuna sun kumbura tun safe, tarin ya ɗan lafa, hannun dama yana rawa amma yana iya riƙe alƙalami. Likita ya ce in rage zama. Ni kuwa ban da zama ba ni da wata sana'a.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Asabar, sha huɗu ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina mai gyaran rediyo da talabijin, wanda duk layinmu ke kira Injiniya. An same shi a kujerar shagonsa, kansa a kife kan wata rediyo da ya buɗe cikinta, ƙarfen da yake liƙe waya da shi har ya ƙona gefen tebur. Jama'a sun taru sosai. Na lura waɗanda suka fi kowa share ido su ne masu kayan da bai gama gyarawa ba.

Injiniya, da kai zan yi magana, tunda yanzu ba ka da bakin katse ni.

Shekara shida ke nan da matata ta rasu. Ɗaliban da na koyar shekara talatin da huɗu suka zo, suka yi mini gaisuwa da Turancin da na ɗura musu, suka tafi. Kai kaɗai ka hawo benen nan bayan ƙafa ta ɗauke, da akwatin kayan aikinka, ka ce daga titi kake jin fankata tana kuka kamar akuya, ta hana ka aiki. Ƙarya kake yi, lafiyarta ƙalau. Ka kwance ta, ka ɗaure ta, ka sha shayina, ka ce bai ji sukari ba. Ranar da na zame a banɗaki na kwana biyu ba a gan ni ba, kai ka ɓalle ƙofa, ka goya ni ka sauko da ni matakala goma sha bakwai. Kana haki kana cewa, "Hedimasta, ashe duk Turancin nan ba shi da nauyi." Da hannuna ya fara rawa kai ka riƙa yi mini aski, kana yanka ni a haɓa kana ɗora laifin a kan fatata.

Kai ne kuma ka kawo mini katun ɗin nan na mutanen Japan. Wani ya kawo maka gyaran na'urar kallon faifai, ya bar faya-fayai a jaka, bai sake waiwayo ba. Kashi ashirin da huɗu ne. Maganarsu da harshensu suke yi, fassarar Turanci tana gudu a ƙasan allo. Kai ke da na'ura, ni ke da Turanci. Kowace Talata bayan la'asar sai ka rufe shago ka hawo, ka riƙe rimot, rubutu ya fito ka tsayar da hoto, in mayar maka da shi Hausa. Tsofaffi biyu, ɗaya ya haura saba'in ɗaya ya ba tamanin baya, suna kallon aljanu na cin mutane.

Labarin wani birni ne da duk wanda ya karya alkawari ya mutu bai cika ba, sai ya tashi dodo, ya bi wanda ya yi wa alkawarin ya cinye. Jarumin saurayi ne mai farautarsu da sarƙa, kuma duk dodon da ya kashe sai fuskar mutum ɗaya ta goge daga tunaninsa. Ubansa ya fita tun yana ƙarami, ya ce zai dawo kafin ruwa ya ɗauke, bai dawo ba.

Ka sha tambayata hukuncina a kansa, ina ce maka sai mun gama. Ga shi. Zanensa ba shi da na biyu: ruwan sama a kan kwano, inuwa tana rarrafe a bango, sarƙa tana tartsatsi. Masu shi ba sa tsoron shiru, sukan bar fuska ta tsaya a allo ba kiɗa ba magana har cikin mutum ya ɗuri ruwa. Kuma sun san mugunta, domin dodanninsu da muryar iyaye da masoya suke kira. Amma surutunsu ya yi yawa. Mutum an cire masa hannu, sai ya tsaya yana bayanin sunan dabararsa da wanda ya koya masa ita. Naushi ɗaya ya ci mana Talata biyu. Jini kuwa kamar famfo ya fashe, har ya daina ba da tsoro. Duk macen da suka zana da kyau, ka ƙirga kashi uku za a kashe ta don ran jarumi ya ɓaci. Babban aibunsa shi ne matattunsa ba sa zama a mace. An binne malamin jarumin, mun yi jimami, sai ga shi ya dawo da sabon gyale. Ka tafa ka ce ai haka ya fi. Na ce maka wanda ya rubuta wannan bai taɓa wanke gawa ba.

Kai ba zane ko faɗa ya kama ka ba. Uban nan ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka mari ɗanka a gaban masu kawo gyara saboda ya ƙona talabijin ɗin wani, ka ce ya fita, ba ka haife shi ba. Ya fita, kuma ya fi ka taurin kai domin a wurinka ya gada. A farkon watan nan 'yarka ta rubuto maka lambar wayarsa a 'yar takarda. Ka nuna mini ita, ka ce ta gaya maka yana da gida mai ɗaki a ware, yana cewa da tsoho zai sauko da ya ɗauke shi ya huta da shago. Ka yi dariya ka ce bari dai ka ga yadda yaron katun zai yi da nasa uban, in ya yafe kai ma ka buga wa naka waya.

Talata uku ga wata muka kai kashi na ashirin da uku. Uban ya zama dodo, ɗan ya tsaya a gabansa cikin ruwa, sarƙa a hannu. Rubutu ya fito. Ka tsayar da hoto, ka juyo ka dube ni, hannunka a kan aljihun da takardar take.

Abin da aka rubuta shi ne: na yafe maka tuntuni, Baba, zuwanka kawai nake jira.

Abin da na ce maka shi ne: "Ya ce ka makara. Wanda ya tafi ya tafi."

Ka saki hoto. Yaron ya ɗaga sarƙa ya kashe uban yana kuka, domin dokar labarin ke nan, ko ya yafe ko bai yafe ba. Hoton ya tsaya mini shaida. Sannan ka ce teburin talabijin ɗina yana girgiɗi, ka ciro takardar, ka ninka ta huɗu, ka durƙusa ka cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ka jijjiga shi ka ce, "To, ta yi amfani."

Ba kuskuren ido ba ne, tabarau na fuskata. Na yi lissafi ne cikin ƙiftawa, irin na tsohon malami: in ka buga, zai zo. In ya zo, zai tafi da kai. In ka tafi, babu mai hawo benen nan wurina sai mai karanta mita. Na auna ɗanka da Talatata, na zaɓi Talata. Mako ya zagayo ka dawo muka kalli kashin ƙarshe, ka yi mini aski, reza a maƙogwarona, bakina a rufe. Na samu Talata ɗaya tak da cinikin nan. Kwana huɗu bayanta ka mutu.

Ɗanka ya zo jana'iza. Kai ne sak, har tsayuwar. Ya tsaya a gefe bai yi kuka ba. Ina kusa na ji yana ce wa 'yar'uwarsa shekara goma sha ɗaya bai canja lamba ba, wayoyi huɗu ya sake, layin yana nan, don kada tsoho ya nema ya rasa. Ya ce ashe ko sau ɗaya bai yi niyya ba.

Shekaranjiya na sa sanda na ɗaga tebur na zaro takardar. Na buga masa, na ce ni ne Hedimasta, akwai saƙon mahaifinsa a hannuna. Ya ce, "To Baba, Alhamis bayan la'asar, in Allah ya so." Zan nuna masa rubutun 'yar'uwarsa da ninkin hannunka, in sa masa kashi na ashirin da uku ya karanta da idonsa, tunda shi ba ya bukatar tafinta. Abin da zai yi da ni bayan nan, nasa ne.

Allah ya jiƙanka, Injiniya. Ya yafe maka marin nan da kalmar da ta biyo shi, ya sa goyon da ka yi mini a kan matakala ya yi nauyi a mizaninka. Ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da ɗanka a inda babu mai shiga tsakani. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka da mijinta, da ɗanka, da jikokin da ba su san fuskarka ba. Allah ya ba su haƙuri. Ni ban roƙi haƙuri ba, ban cancance shi ba.

An kira magariba. Shayin da na haɗa ya huce, na zuba masa sukari yadda kake so. Sau biyu na ji taku a matakala, duka na maƙwabtan hawa na sama ne. Bai zo ba. Teburin ya koma girgiɗinsa.