Ajiyar Shekara Guda

A kwalejin koyon aikin jinya kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake mai buga takardu aka ɗauke shi, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Da wanda ya gina wa kwalejin shafin intanet ya yi gaba, aka waiwaya aka ga shi ne mafi kusa da kwamfuta, shi ke nan aiki ya zama nasa. Ofishinsa ƙarƙashin matakala yake: teburi ɗaya, fanka mai kuka, da kujerar baƙo da aka ɗaure ƙafarta da igiya.

Ƙorafin nauyin shafi ya ishe shi, kuma mafi zafinsa daga dangi yake fitowa. Auta, ƙanwar matarsa, ta shekara biyu tana jiran a buɗe ɗaukar ɗalibai. Kullum sai ta leƙa shafin daga shagon ɗinkin da take aiki, kullum sai ta tsokane shi cewa kafin shafinsa ya buɗe ta gama kafa hannun riga.

Ya bi diddigi ya gano mai laifin: jerin maɓallan da ke saman shafi, su Darussa da Neman Gurbi. Duk inda mutum ya taɓa, sai wayarsa ta sake ɗauko jerin daga tushe, wato babbar kwamfutar da shafin yake kai. Maganin shi ne a umarci waya ta ajiye jerin a cikinta, kada ta sake tambaya sai wa'adi ya cika. Ya ga shekara shida jerin bai canja ba, sai ya sa wa'adin shekara guda cur. Shafi ya koma kamar walƙiya. Rajistara da kansa ya sauko, ya sunkuya ya shiga, ya ce madalla.

Bayan wata biyu hukumar da ke kula da kwalejin ta aiko da sabon fom na neman gurbi. Aka rubuta "An rufe" a tsohon, Injiniya ya juya maɓallin Neman Gurbi zuwa sabon. A kwamfutarsa komai daidai, don shi kullum yana share abin da ta ajiye.

Ranar Alhamis ɗin da za a daina karɓar fom da ƙarfe huɗu, mai shara ta shigo da hantsi riƙe da wayar 'yarta, tana tambaya wai da gaske bana ba a ɗauka. Ya karɓa ya danna. Tsohon jeri ne, ya kai shi tsohon fom: An rufe. Wanda bai taɓa leƙa shafin ba yana ganin sabon fom. Masu naci, masu zuwa kullum, su ne wayoyinsu suka riƙe tsohuwar hanya sati uku suna kai su ƙofar da aka garƙame.

Gyaran minti goma ya ɗauke shi: ya sa tsohuwar ƙofa ta riƙa tura mutum zuwa sabuwa. To amma wanda aka ce wa an rufe, me zai dawo da shi? Ya hau bene ya roƙi Rajistara ƙarin kwana uku. Rajistara ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ba daga gare shi ba ne, sunaye ƙarfe huɗu suke tafiya hukuma, kuma gurbi sittin ne, masu nema sun haura ɗari uku, wa zai ce an rasa mutane?

Ya yi ta kiran Auta, sai ƙarfe biyu da rabi ta ɗaga waya, keken ɗinki na ƙara a bayanta.

"Yaya Injiniya, yau kuma ni aka tuna? Ko Yaya ta kore ka ne?"

"Auta, kin cike fom?"

Ta yi dariya, ta ce wane fom, ai tun farkon wata ta ga an rufe, ta ɗauka tun kafin ta farga aka cike gurbin. Ya ce me ya hana ta tambaye shi. Keken ya tsaya. Ta ce ba ta so a ce mijin yayarta ne ya sa ta ta bayan gida.

Ya ce ta buɗe yanzu, akwai awa ɗaya da rabi. Ta buɗe, ta karanto masa abin da ake buƙata, har ta iso kan takardar shaidar lafiya. Shi ya fi kowa sanin cewa asibiti ba ya bayar da ita ƙasa da kwana biyu, don da hannunsa ya buga sanarwar.

Ya ce mata laifinsa ne, ya fara bayanin ajiya da wa'adi, kalmomin suna kakkarye masa a baki. Ta bar shi ya gama.

"Ban gane ba, Yaya," ta ce a hankali. "Wayata ce ta ɓoye min, ko kai ne?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce mai kaya na tsaye tana jira, ya gaida mata yayarta da yara. Kafin layin ya katse ya ji keken ya ci gaba.