Alhajin da Ya Ƙi Goguwa

Ƙanena tela ne a Ƙauran Namoda, kuma duk abin da ya mallaka a duniya keken ɗinki ne da waya mai tsagaggen gilashi. Amma a wayoyin mutane, daga Shinkafi har Zurmi, Alhaji ne mai shanu da rumbuna da motar da kullum tana wajen gyara.

In aka kawo masa ɗinkin babbar riga, kafin mai ita ya zo karɓa sai ya zura ta, ya jingina wayar a jikin dutse, ya tsaya gaban dukiyar wani ya fara cika baki. Ba ya ko murmushi. Fuska a murtuke, yana gyara hannun riga, yana cewa, "Shanun ga duka nau na, wanga baƙin ma mantawa niy yi da shi." A ƙasa kuma kana hango silifas ɗinsa, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Bidiyon ba ya wuce minti biyu, kuma kullum mai dukiyar ne ke fitowa a ƙarshe ya kore shi.

Ni malamar firamare ce, kuma na gaji saurin fushin babanmu. Na yi ta faɗa, na ce mutunci yake zubar mana. Inna kuwa ko kallo ba ta yi. In aka miƙo mata waya sai ta kau da kai, ta ce ita tela ta haifa, ba ɗan kama ba. Amma tsakani da Allah, in aka kunna a ɗakin malamai nakan juya baya in yi dariyata har da hawaye. Kowa yana da irin wannan Alhajin a unguwarsu, ga shi da harshenmu yake magana, ba Hausar fim ba. Na kuma lura, mutanen da tsoro ya hana zuwa gonakinsu su suka fi son ganin mutum tsaye a fili yana taƙama da shanu.

Bidiyon da ya jawo mana masifa shi ne wanda ya yi a ƙauyen kawunmu, wajen Kasuwar Daji, gaban rumbunan gero da shanun noma. Wata ranar kasuwa kawu ya shigo gidanmu, ko zama bai yi ba. Ya ce wasu baƙi biyu a kan babur sun tsaya wajen mai shayi, sun nuna bidiyon, suna tambayar ina gidan Alhajin nan. Kuma ba dariya suke yi ba. A wajenmu ba wanda zai tambayi ma'anar wannan. Masu garkuwa da mutane ne ke neman wanda za su ɗauka.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. Babur na tsayawa a ƙofar gida sai in miƙe in leƙa. Ina rubutu a allo, kunnena na kan titi. Na tsaya a kan ƙanena ya goge shafinsa kaf, ina kallo, na ce to an rabu da bala'i. Kwana uku bayan haka na shiga motar Shinkafi zan je gaisuwar rasuwa, sai ga muryarsa daga wayar mutumin da ke bayana. Na juya na tambaye shi inda ya samo. Ya ce ai a memori yake, tun bara. Ashe abin ya daɗe da barin intanet. Masu cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai duk suna da shi, kuma ko lokacin da aka katse sabis a jiharmu, daga waya zuwa waya aka riƙa tura shi.

Na bi rumfunan caji ɗaya bayan ɗaya, a Ƙaura da Shinkafi, har Zurmi na je ranar da aka ce hanya da sauƙi. Wasu suka goge don ganin idona. Wani a bakin tashar Ƙaura ya ce mini ko ya goge, gobe wani zai kawo masa, in daina wahalar da kaina. Na zazzage masa masifa har mutane suka taru. Ina juyawa zan tafi na ji wani a cikin taron yana kwaikwayon "nau na".

Shi kuma ƙanena ya ce yana da dabara. Ya yi sabon bidiyo, ba babbar riga, daga shi sai singileti, a cikin ɗakinsa. Ya nuna tabarma, ya nuna keke, ya nuna rufin da ke yoyo, ya rantse ko akuya ba shi da ita. Ba wasa yake ba, na sani, don ni na riƙe masa wayar. Wallahi ba a taɓa dariyar bidiyonsa kamar wannan ba. Aka yi ta cewa Alhaji ya fara ɓoye dukiya.

Sai ya tafi. Ya cusa kan kekensa a buhu ya shiga motar Gusau, daga can ya nausa kudu. Ya sayar da babbar wayar ya sayi ƙarama marar kamara. Yakan kira, amma ko da salla ba ya zuwa, ni ce kuma ke hana shi, don har yau fuskar nan tana yawo. Ƙanena yana can yana ɗinki a rumfar wani, Alhajin kuwa yana nan cikin rigar aro, bai tsufa ba, bai talauce ba.

Damina ta biyu da tafiyarsa, Inna na tsintar wake a tsakar gida, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ke, kunna mani shi in gani."

Na ce wa?

"Ɗan kaman nan naku."

Ko ɗaya babu a wayata, da hannuna na goge. Na sa hijabi na nufi bakin tasha, wajen mutumin da na yi wa masifa. Kunya kamar in nutse. Bai tuna mini komai ba, ya dai tambayi wanne nake so, na ce duka.

Inna ta goge hannu a zane ta karɓi wayar. Ta kalli na farko har ƙarshe ba ta yi dariya ba, ta sa na maido mata baya. Sai ta ɗora yatsa a ƙasan gilashin, daidai ƙafafunsa.

"Dubi takalminai," in ji ta. "Da kin hwaɗa mani, ai da na saya mai wasu."