Kifin da idonsa ya fito

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan: ni, ɗana, matarsa da tsohon ciki, sai maƙwabciyarmu mai tuyar kifi, wadda ba ta rasa dalilin leƙowa duk Juma'ar da ya dawo daga bakin tekun Abhur.

Tuƙi yake wa wani gida a can, ran hutu ya jefa ƙugiya. Na yarda da ƙugiyar bisa sharaɗi guda, ya kuma rantse mini: ƙafarsa a tudu, ba shi ba kwalekwale. Ubansa masunci ne, kogi ya ci shi a Sudan. Ban goyo yaro na ƙetare teku don in miƙa shi ga wani ruwan ba.

Lokacin sanyi ban damu ba, kifi na matsowa gaɓa. Amma zafi ya shigo, irin wanda bango ke gumi, ni kuwa na zauna da masunci. Ruwa in ya ɗumama, babban kifi ƙasa yake yi. Kamata ya yi buhunsa ya rame, sai ƙara nauyi yake.

Ya zazzage a daro. Na juya wani ƙaton kifi, hamur, da yatsa. Idanun sun ɓullo waje, tumbin ya leƙo ta baki.

Na ce, "Kai, a ina ka tsaya?"

"Kan dutsen nan dai, Inna."

"Dutsen ya iya tafiya ke nan."

Maƙwabciya ta kwashe da dariya. "Hajiya, halas, ya isa mana! Kifi ma sai ya nuna miki iƙama, takardar zaman ƙasa?"

Ban kula ta ba. Na ce masa kifin gaɓa ba ya kumbura haka, sai wanda aka jawo daga zurfi. Na kama tafinsa, ga sabuwar kanta inda ake riƙe filafili. Matarsa ta sunkuyar da kai, na gane da ita aka ƙulla.

Ya ce, "Inna, ai ba nisa. Mai jirgin tsoho ne, ya san ruwa."

"Ubanka ma ya sani."

Ban taɓa kifin ba. Na kuma san ko na sake rantsar da shi, ƙarya zai ƙara, son ruwa a jininsa yake.

A ɗakina akwai goran ubansa, babba, wanda masuntanmu ke kifa ciki a kai su yi iyo. Ranar da uban ya bar shi a gida ce bai dawo ba. Gero nake zubawa ciki tun zuwanmu unguwar Sa'alaba.

Washegari da asuba na juye geron a kwano, na toshe bakin goran, na ɗaura masa sabuwar igiya, na dire shi a ƙofar ɗakinsu.

Da ya fito na ce, "A ƙugu ake ɗaurawa, ba a jikin jirgi ba. Ranar Juma'a kuma zan shafa igiyar. In na ji ta a bushe, ni da kai ne."