Shaf ɗin Hagu a Gefen Dama

Ranar ƙarshe ta fara da ƙarar guduma. Gari bai gama wayewa ba, babban ɗan Malam ya riga ya buɗe garejin da ke bayan gida ya ɗaga Fara a kan jak. Fara ita ce motar da ya ƙera da hannunsa: firam na bututun ƙarfe, injin wata tsohuwar mota a baya, kujeru biyu, ba ƙofa ba gilashi. Mahaifiyarsa ce ta raɗa mata sunan ranar da ta ga yadda take tsalle a kan tudu. Biyu ya ƙera iri ɗaya, ɗaya tasa, ɗaya ta ƙaninsa Auta, don hanyar gonarsu da ke bayan dutse ba ta karɓar motar kirki.

Malam, wanda ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, ya fito da kofin shayi ya tsaya a bakin garejin.

"Ita wannan abar taka ba ta san mutane na barci ba?"

"Ciwon gwiwa take yi, Baba," in ji ɗan daga ƙarƙashin motar. "Irin naka."

Kowa a unguwar Injiniya yake ce masa, har mahaifiyarsa, ko da yake ita da zolaya take faɗa, don a shekararsa ta biyu ya bar jami'a ya koma walda. Malam bai taɓa kiransa da sunan nan ba. Sun daɗe ba sa haɗa ido a kan maganar, daga baya kuma ta mutu da kanta ba wanda ya binne ta. Injiniya mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai waƙa da murya marar daɗi, wanda kan ɗora bakin sukundireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido kamar mai sauraron gulma.

Da hantsi ya roƙi mahaifinsa ya riƙe masa tocila. Ya nuna masa sanda biyu na ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, shaf ke nan. A kan kowanne akwai gaɓa mai boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a ciki, lulluɓe da roba cike da giris, wadda ake kira kan shaf. Ita ce ke ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, duk lokacin da aka ba motar wuta a hawa.

"Boris ɗin ya ci gefe ɗaya na raminsa," in ji shi. "Ɗaya gefen sabo ne fil, bai taɓa aiki ba. To me zai sa in jefar? Na hagu zai koma dama, na dama ya dawo hagu. Kowa ya kwanta a ɓangaren da bai gaji ba."

"Haka littafi ya ce?"

"Wane littafi, Baba? Littafin Fara a kaina yake."

Tsakar rana matarsa ta kawo abinci garejin. Ya naɗe cokali da tsumma ya ci a tsaye, tana yi masa faɗa cewa giris ya fi miya yawa a cikinsa. Bayan rana ta karkata ya ɗaure notuna, ya sauke jak, ya ce Malam ya hau. Suka zaga bayan unguwa, suka hau tudun da ake zubar da ƙasa, suka sauko. Malam ya riƙe bututun gefe da hannu biyu.

"Ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"To, shi ne gyaran."

Da la'asar ya loda tiyon ban ruwa da jarkar mai zai tafi gona. Malam ya tuna masa famfon banɗaki da ke ɗiga, ya ce in ya dawo. Ya ɗaga hannu bai waiwayo ba.

Wani manomi ne ya ga abin daga nesa. A tsakiyar hawan dutse, inda hanya ta fi tsayuwa, shaf ɗin dama ya karye. Guntun ya wulwula ya tsinke bututun man birki. Fara ta dawo da baya, ta bar hanya, ta faɗa kwazazzabo. Kafin a sauka a kai gare shi, ya cika.

Masu ta'aziyya ba su gama ɗaukewa ba Auta ya fara tayar da tasa Farar. Shukar da ke gonar ta Yayansa ce, shi ya zuba ta, kuma in ba a kai mai an kunna injin ban ruwa ba za ta bushe. Kullum da safe Malam na zaune a falo da jarida a buɗe, yana jin injin na nisa har ya ɓace, kuma ba ya juya shafi. Mahaifiyar ba ta sa komai a baki sai ta ji ƙarar ta dawo layin. Ɗa ɗaya ya rage musu, yana kuma hawa dutsen nan a cikin mota irin wadda ta kashe ɗan'uwansa, hannu ɗaya ya ƙera su, ƙarfe ɗaya.

Malam ya ce wa Auta ya ajiye ta. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Tawa lafiyarta lau, Baba. Yaya da kansa ya duba ta." Washegari ya sake fita.

Malam ya gane cewa roƙo ba zai yi ba, sai ya zo da dalili. Da aka jawo gawar motar gida, ya sa aka kwance masa karyayyen shaf ɗin, ya naɗe guntayen biyu a tsohon tawul, ya bi garejojin gari da su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ƙarfen jabu ne. Wani ya ce lodi ya yi yawa, alhali tiyo ne da jarka. Wani dattijo ya juya guntun a hannu, ya mayar masa, ya ce, "Malam, kwana ne ya ƙare, ka yi haƙuri." Malam ya ce haka ne. Bai musa ba, har cikin zuciyarsa. Amma amsar ba ta gaya masa komai a kan motar da ke fita kowace safiya ba.

Ya share littattafai daga teburinsa ya shimfiɗa guntayen. Ya wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori, mahaifiyar na tsaye a ƙofa ba ta ce ya fitar mata da wari daga ɗaki ba. Da giris ya fita sai wani farin layi ya bayyana a tsawon ƙarfen. Ya tuna ɗansa kan ja irin wannan layin da fenti a kan kowane sabon shaf, miƙaƙƙe, don ya riƙa ganin ko ƙarfen ya fara murɗewa. Malam ya sa tabarau, ya ɗora rula. Layin ba a miƙe yake ba. Ya karkata kaɗan zuwa gefe ɗaya, a hankali, irin karkatar da aka daɗe ana yi. Amma dab da inda ya karye, ya lanƙwasa ya koma ɗaya gefen.

Ya zauna yana kallon wannan lanƙwasa har shayinsa ya huce. Sannan ya tashi ya ciro maratayin riga na waya daga kwaba, ya warware shi, ya kama shi da filaya biyu. Ya murɗa shi gefe ɗaya, ya murɗa, wayar ta jure. Ya juya hannu ya murɗa ta baya. Ba a je ko'ina ba ta ɓalle. Ya ɗauko wani maratayin ya maimaita, ya ɗauko na uku. Rigunansa suka taru a ƙasa.

Shaf ɗin da ya yi shekaru a hagu ya saba da murɗa ta fuska ɗaya. Da aka mayar da shi dama, inji ya shiga murɗa shi ta ɗaya fuskar. Gaɓar ta yi shiru, gaskiya ne, ɗansa bai yi kuskure a kan boris ba. Sandar ce bai yi lissafinta ba.

Ya iske Auta a bayan gida yana ɗaure kaya a motarsa.

"Taka ta taɓa yin ƙarar nan? Ƙas-ƙas a hawa?"

"Ta yi. Yaya ya gyara min tun kafin ya taɓa tasa."

"Me ya yi mata?"

"Juya su ya yi. A tawa ya fara gwadawa, da ya ga ta yi shiru ya ce zai yi wa tasa."

Malam ya dafa bango. Sai da ya daidaita numfashinsa sannan ya yi bayani, a tsare, kamar a gaban allo: layin fenti, lanƙwasar, wayar. Ya miƙa masa guntayen wayar a tafin hannu.

Auta ya dube su, ya dubi mahaifinsa. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Baba, wannan maratayin riga ne. Shaf ɗina kaurin hannuna ne. Na fi shi daɗewa a kan juyin nan, ga ni ina zuwa ina dawowa."

"Shi ya sa nake tsoro."

"To in mayar da su yadda suke?"

"An riga an murɗa su gaba da baya. Sabo za a sa."

"Sabo sai an aiko daga nesa, kuma sai an yanke shi daidai tsawon nan, wanda ya iya yankan kuma..." Ya ja igiyar da ƙarfi. "Kafin ya iso shukar ta ƙone. Shukar Yaya ce, Baba. Ita kaɗai ta rage tana numfashi. Ka bar ni in kai ta girbi, daga nan ko wuta ka ce in sa wa motar zan sa."

"Ka tabbata za ta kai ka girbi?"

"Kai ka tabbata za ta karye?"

Malam bai taɓa iya faɗin abin da bai tabbatar ba, ko a aji ko a gida. Ya ce, "Ban tabbata ba."

"To ka gani." Auta ya ɗauki jarka biyu. "Bari in sayo mai in dawo."

Yana fita, Malam ya shiga garejin da bai taka ba tun ranar. Injin yankan ƙarfe na rataye a ƙusa. Bai taɓa riƙe shi ba, ya dai sha ganin yadda ake yi. Ya jona waya, ya jawo ta har gindin motar Auta, ya durƙusa a kan gwiwoyin da ba sa son durƙuso, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa. Da ya danna, injin ya kusa ƙwacewa daga hannunsa. Ya riƙe da kyau ya ɗora faifan a tsakiyar shaf ɗin hagu. Tartsatsi ya zubo masa a wuya da hannun riga, ya ji ƙaurin yadi, bai ɗaga ba. Mahaifiyar ta fito da gudu, ta ga ƙafafun mijinta a ƙarƙashin mota. Wayar ta kusa zarewa daga bango. Ta je ta danne ta da hannu.

Na hagu ya rabu biyu. Yana tsakiyar na dama Auta ya shigo, jarkokin suka faɗi daga hannunsa.

"Baba! Baba, me kake yi?"

Malam bai tsaya ba sai da ƙarfen ya faɗo. Ya kashe injin, ya jawo jikinsa waje, ya kasa miƙewa, ya zauna a ƙasa da baƙar toka a fuska.

"Hannun Yaya ne a jikin motar nan," in ji Auta. "Kai ko sunan aikinsa ba ka taɓa yarda ka kira ba, yau kai ne da yanka shi?"

"Ka tafi da ƙafa," in ji Malam. "Ka nemi jaki. Ko ka bar ta ta bushe. Amma ba za a sake zuwa ƙofar nan a tambaye ni ko ni ne mahaifin mai motar ba."

Auta ya juya ya fita. Mahaifiyar ce ta kama Malam ta ɗaga shi.

Auta ya riƙa zuwa gonar a bayan babur ɗin wani maƙwabci har gindin dutse, daga nan ya hau da jarka a kafaɗa. Abin da mutum zai iya ɗauka bai ishi injin ban ruwa ba. Fiye da rabin shukar ta ƙone. Har aka yi girbi Auta bai zauna cin abinci tare da mahaifinsa ba, gaisuwa kawai, ita ma daga bakin ƙofa. Malam ya duba bakin ƙarfen da ya yanka, da tabarau da kuma gilashin ƙara girma. Fes yake, yana ƙyalli, ba tsaga ko ɗaya da ido zai gani. Har yau bai san ko da an bar shi zai karye ba.

Kayan mamacin an raba su a hankali, ba a rana ɗaya ba. Matarsa ta ɗauki wayarsa da agogonsa da bargon da suke rufa da shi, ta koma gidan iyayenta. Rigunan fita an ba 'yan'uwa. Injin walda ya tafi wurin wani abokinsa da suka koyi aiki tare. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da kura suka kwashe firam ɗin da aka ciro daga kwazazzabo, sai da suka yanka shi uku kafin ya shiga. Akwatin sifanu Auta ya ɗauke wata safiya bai gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Rigar aikinsa mahaifiyar ta hana a wanke, ta ninke ta a leda ta sa a ƙasan akwatinta.

Takalman aikin ne suka daɗe a bakin garejin, don sun yi wa kowa a gidan girma. A ƙarshe aka ba mai gadin layin. Shi ma sun yi masa yawa, sai ya cusa takarda a gaba yake sa su.