Shirun Ɗakin Mai Niƙa

Mai Niƙa ya yi furfura a gindin injinsa tun yana saurayi: gari a gira, gari a gashin baki, har matan layi na tsokanarsa da Tsoho. Na gira wanka ke fitar da shi. Wanda ya shige ƙirji kuwa ya samu wurin zama.

Tarinsa ya zama agogon gidan. Mahaifiyarsa makauniya ce, bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Da tarin take sanin ya tashi, da shi take sanin ya dawo. Ranar da jini ya fara biyo tarin, ya naɗe tsumman da ya tofa a ciki ya cusa a aljihu. Amma tsohuwar nan ko allura ce ta faɗi sai ta ji.

"Tarin nan ya sauya murya," ta ce. "Ni za ka ɓoye wa?"

"Ƙura ce kawai, Inna."

A asibiti likita ta sa ya shaƙi maganin kashe zafi, irin wanda ake sa wa dasashi kafin a cire haƙori. Maƙogwaronsa ya mutu murus, tari ya kwanta. Ta ce masa wannan lallashi ne, ba waraka ba, don jijiyar da ta tsage ta ɗan huta kafin a yi hoton ƙirji. Ta ce kada ya bar gadon, domin in jini ya taru, tarin nan da ya tsana shi ke fitar da shi.

Shi kuwa abu ɗaya ya shiga kunnensa: ashe akwai abin da ke sa tari shiru, Inna ta samu barci. Ya sulale ya bar asibitin, ya nemo irin maganin, na feshi, a kemis, ya riƙa antaya wa maƙogwaro safe da yamma. Wauta ce tsantsa, kuma ƙauna ce ta kawo ta, abin haushin ke nan.

Wata safiya ya farka ƙirjinsa na tafarfasa, numfashi na neman gagararsa. Ya nemi tarin da ya kora, bai zo ba. Ya nemi murya, ita ma babu. Ya ɗaga hannu zai buga bango, sai ya jiyo Inna a tsakar gida tana amsa gaisuwar maƙwabciya, muryarta fal farin ciki, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Jiki ya yi kyau, 'yar nan, alhamdu lillahi. Saurara ki ji. Ko tari ɗaya!"

Ya sauke hannun a hankali, don kada ya yi ƙara.