Ni Ce Mai Ɗauke wa Malam Wuta

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe giranda ba, injin nan da masu walda ke yanka ƙarfe da shi. Amma a ɗaura mata faifai a kunna, in juya baya, zan faɗa maka ko sabo ne, ko ya tsufa, ko kuwa ya tsage yana neman wanda zai aika asibiti. Zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo mini farin kai.

Gidanmu a Gwallaga yake, shagon waldar maigidana Malam kuma a jikin gidan, bango ɗaya ne tsakaninsa da madafina. Shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙa tuwo wannan ƙarar na shiga kunnena, ko jaki ne ai ya haddace. Sabon faifai muryarsa siririya ce a miƙe, ya shiga ƙarfe ya fita ba gardama. In ya cinye ya ƙanƙance, sai in ji Malam yana dannawa, injin yana nishi, aikin minti ɗaya ya koma na biyar. In ya yi santsi ya daina ci, wani irin kuka yake yi mai kashe haƙora, ga ƙaurin ƙarfe har cikin miyata. Wanda na fi tsoro shi ne wanda ya tsage ko bakinsa ya gutsure, yana juyawa yana shaƙuwa, kar-kar-kar.

Irin wannan ne ya tafi da idon Malam na hagu, shekararmu uku da aure. Ya tarwatse, ɓari ɗaya ya same shi. Tun daga ranar ya sayi tabarau na aiki masu kauri, kuma in faɗi gaskiya kullum yana sanye da su, a goshi. Goshin nan kuwa, wallahi, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

Malam ba marowaci ba ne, nama da atamfa ban taɓa roƙo ba. Amma faifai! Ba ya rabuwa da shi sai ya kusa komawa murfin kwalba. In ya yi wa babbar giranda kaɗan sai ya mayar da shi kan ƙarama, yana cewa da sauran rai. Da can kunnensa ne ke taka masa birki, yana jin muryar faifai ta sauya sai ya tsaya. To, sai kunnen ya fara tafiya a hankali, ƙarar ta cinye shi. Shi kuwa atafau lafiyarsa ƙalau. Ladanin unguwa ne ya tsufa, batirin rediyo ne na zamani ba shi da ƙarfi, ni kuma wai a cikin hanci nake magana. Ga shi in aka kawo wuta ba ya ko ɗaga kai, don bai san yaushe za a ɗauke ba, balle ya tsaya duba faifai.

Wata damina rufin shagon ya yi yoyo a kan kwalin da yake ajiye faifan, ya shanya su ya ce sun bushe. Ina tsaka da jajjage na ji shaƙuwar nan ta bango. Na ƙwala masa kira, ina! Na ɗauki taɓarya na doki bangon sau uku, ƙasa ta zubo mini a turmi, shi ko gezau. Ga maza cike da benci a ƙofar shago, ni ko mayafi babu a jikina. Sai idona ya faɗa kan babban makunnin wuta da ke bakin zaure, wanda ya haɗa gida da shago. Na yi bisimilla na ja shi ƙasa.

Shiru. Sai muryar Malam yana ja wa masu wuta Allah ya isa, su da iyayen gidansu. Da ya gaji, ba aikin yi, na ji ƙarar sufana yana kwance faifan, can kuma na ji salati. Na bari kamar rubu'in awa na mayar da makunnin, na koma kan tattasaina.

Da rana yana cin abinci ya ba ni labari. Wai ya ɗaga faifan a hasken rana ya ga tsaga siririya kamar gashi, tun daga ramin tsakiya har baki. Da ba a ɗauke wutar nan ba, in ji shi, da yanzu wani zancen ake yi. Na ce Allah ya ƙara tsarewa, na ƙara masa miya.

Haka muka yi shekara biyu. A wata sau ɗaya, wani lokaci sau biyu, in ji abin da ban yarda da shi ba in ɗauke wuta, shi kuma zaman banza ya sa shi duba faifai. Yau baki ya gutsure, gobe ya karkace yana layi, jibi wanda ya faɗi ƙasa ne aka mayar ba a duba ba. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne Malam zai mayar da zancen karama. In an sauko daga la'asar sai in ji shi ta bango yana shaida wa 'yan benci cewa shi ba a taɓa ɗauke masa wuta a banza ba, addu'ar mahaifiyarsa ce ke bin sa. Wani tela abokinsa har da roƙon a ba shi laƙanin, Malam ya ce abin ba na bayarwa ba ne. Ya ma daina zagin masu wuta ya koma sa musu albarka. Duk faɗin Bauchi ban san wani mahaluki da ke yin haka ba.

Mutum ɗaya ne ya gano ni, maƙwabcinmu ɗan kudu mai shagon kayan gini, don fankarsa na juyawa lokacin da tamu ke tsaye. Da Malam ya tambaye shi, sai ya ce ai layin wutarmu daban ne. Me zai sa ya tona? Duk ɗauke wuta sai an sayi sabon faifai a wurinsa. Matarsa ta shigo wata rana ta ajiye mini sabulu sanda biyu, ta kalli makunnin ta kalle ni, ta ce, "Mama, sannu da aiki." Muka yi dariya har da hawaye.

To, rana dubu ta ɓarawo. Ran nan ina dama ƙullun masa na ji kar-kar, na ruga na ja makunnin ban wanke hannu ba. Shi kuma maimakon ya ɗauki sufana, ƙishirwa ta koro shi cikin gida. Ya tarar da makunni a ƙasa, ga shatin yatsuna biyar na ƙullu a jiki, har yana ɗiga.

Ya daɗe yana kallon ƙullun. Sannan ya fara. Wai na mayar da shi abin dariya a gari, shekara biyu yana sa wa mutanen da ba su san yana yi ba albarka, ya hana tela laƙanin da babu shi. Duk na haɗiye, don da gaskiyarsa. Sai da ya ce me mace ta sani a harkar ƙarfe, nan ne raina ya ɓaci.

"Ban san ƙarfe ba, Malam. Amma ni na zauna a asibiti ina goge maka jini a fuska. Ido ɗaya ya rage maka, kunnen da ke gadinsa kuma ya tafi. Nawa yana nan, shi ya sa."

Matsalar ita ce, mutumin da ba ya ji ba a yi masa raɗa. Sai da na ɗaga murya sosai kafin ta shiga, don haka 'yan benci ma ta shige su tsaf. Na ji tela yana wani tari wanda ba na mura ba.

Malam ya mayar da makunnin sama da hannunsa, ya goge ƙullun a rigarsa, ya fita. Na tsaya jikin bango ina jiran in ji ya kunna da wannan faifan don ya nuna mini iyakata. Na rantse a raina in ya kunna zan sake ja, in ya so ya kai ni gidanmu. Ban ji giranda ba, ƙarar sufana na ji. Da yamma ya shigo da faifan ya ajiye a gefen tabarma, baki a gutsure, tsaga ta kai rabi. Masar ma biyu kawai ya ci, mutumin da ke tashi da goma. Tausayinsa ya kama ni, har na ji da ma ban faɗi zancen kunnen ba.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na ji ya kunna giranda, amma bai sa ta a ƙarfe ba, ya bar ta tana juyawa a iska ɗan lokaci ya kashe. Sai ga shi a bakin madafi, tabarau a kan ido, goshi a fili.

"Yaya kika ji faifan?"

Na ɗaga murya na ce lafiyarsa lau, sabo ne.

Ya juya zai tafi, ya tsaya, yana murza bakin rigarsa.

"Ni fa na daɗe ba na jin sa."

Na ce na sani. Bai ji ba, sai na gyaɗa masa kai, ya koma shago.