Ranar da Na Karanta wa Mahaifiyata Maganarta

Shekaru masu yawa baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, tun sojoji ba su san hanyar gidan gwamnati ba, ina malamin yaƙi da jahilci a Illela. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ga farar riga mai aljihu, ga alƙalami biyu a maƙale, ɗayan ma ba ya rubutu. Ina ji da kaina ƙwarai. In na ratsa ta tasha har tafiyata takan canja, don a san mai boko ne ke wucewa.

Amma akwai abin da ke cina a rai wanda farar riga ba ta rufe ba. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauko ni daga Araba ta kawo ni Illela, a hannunta na tashi. Ita nake ce wa Inna. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In na je gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. Wanda ya fi tsaya mini shi ne lokacin da baƙon dauro ya kwantar da ni ina ɗan shekara bakwai. Na yi kusan wata guda a kwance, har Inna ta fara fid da rai. Dangi na kusa da na nesa duk sun leƙo, ban da Adda. Da na girma na yi boko sai na yanke wa kaina hukunci cewa wannan ya wuce al'ada, rashin damuwa ne kawai. Na yi kusan shekara biyu ban taka Araba ba, alhali tafiyar hantsi ɗaya ce.

Ana haka sai ga wata Baturiya ta sauka garinmu a cikin landirofa, masaniyar harsuna daga jami'a. Hausar Kano ta koya a littafi, tana cewa "me" mutane na ce mata "mi", suna dariya tana dariya. Ta zo da rikoda, wani akwati mai nauyin ɗan rago, da faifai biyu masu juyawa a kansa. So take ta ɗauki maganar mutanen ƙasarmu yadda suke yinta, kuma tana neman wanda zai rubuta mata. Aka nuna mata ni. Ta ce in aikin ya yi kyau za ta tafi da ni Zariya mu ci gaba. Tun kafin ta rufe baki na amsa, kuma a zuciyata na ƙudurta in na tafi na tafi ke nan, tunda ban ga wanda zai yi kewata ba in ban da Inna.

Ranar farko ta ce in yi magana a gaban akwatin. Na gyara murya na zuba jawabi kamar mai neman ƙuri'a. Ta juya faifan baya ta danna, sai ga wata 'yar siririyar murya kamar ta ɗan akuya tana maimaita duk abin da na faɗa. Na ce wallahi ba ni ba ne. Ta ce ni ne. Magana, wadda tun da aka halicci duniya in ta fita ta fita, yau ga ta an kama an ɗaure a zare, ana kiranta tana dawowa.

Ta kuma nuna mini wasu takardu masu baƙin zane-zane kamar sawun kaji a kan toka. Ta ce hoton murya ne, wata na'ura a ƙasarsu ke zana shi. Wai masanansu na fatan wata rana na'ura ta saurari mutum ta rubuta abin da ya ce da kanta, har ta gane muryar wane ce. Na yi dariya na ce to ranar sai ta sallame ni. Yanzu ga shi wannan labarin ma da baki nake faɗa wa wayar jikata tana rubutawa, ko da yake in na saki Sakkwatanci takan rikice. Allah mai iko.

Ƙa'idar aikin uku ce. In rubuta komai yadda aka faɗe shi, har tari da dariya, kada in gyara wa kowa Hausa. Inda ban ji ba in ja layi in bar gurbi, kada in yi ƙage. Sannan in an gama mu koma wurin mai maganar, in karanta masa a gabansa, ya cike gurbin da bakinsa. Maganar maza tare muke ɗauka. Ta mata kuwa ita kaɗai ke shiga cikin gida, ta fito ta miƙo mini faifai da lamba a jikinsa, babu suna. Tambaya ɗaya take yi wa kowa don baki ya saki: wace rana ce ba za ka manta ba?

Wata rana da azahar ta ba ni faifai na sha bakwai, wanda ta ɗauko a gidan mai garin Araba. Na sa abin ji a kunne, na danna. Matar ta yi gyaran murya kawai, ko kalma ba ta furta ba, alƙalami ya faɗi daga hannuna. Adda ce.

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ashe muryarta na da daɗi. Ashe tana da ban dariya, don sai da ta fara tsokanar Baturiyar a kan Hausarta. Da aka zo kan tambayar sai ta ce:

"Ranar da anka yaye na hwarin. Surukata taz zo da zane, tag goya shi, sunka tahi Illela. Ni ko ina daka, ban ɗaga kai ba. In na ɗaga a ce ban da kunya. Gero ya zan gari, ina ta daka."

Na tsayar da faifan. Na tashi na sha ruwa, na dawo.

"Da anka sa shi makarantar allo sai nir riƙa kai hura ran kasuwa. Ba don hurar ba. Akwai wata aduwa bayan gidan malamin, nan nika aje ƙwarya in zanna. Yara sun hi talatin, duk suna karatu baki ɗai."

Na ji Baturiyar ta tambaye ta, "Kina ganinsa daga nan?"

"Ina hanyar gani, ga danga? Ji nika yi."

"A cikin yara talatin?"

"Ko ɗari ne. Shi in ya kai ƙarshen aya yakan ja numhwashi awa mai shan kunu da zahi. Da na ji wannan sai in tashi in shiga kasuwa. To wata rana niz zo, nik kasa kunne, babu shi. Kasuwa tak kewayo, babu shi. Wa za ni tambaya? Uwa ta tambayi ɗan hwari? Sai ni…"

Daidai nan muryarta ta yi ƙasa, wani jaki kuma ya ɓarke da kuka a bayan gidan. Da ya yi shiru abin da ya rage kawai shi ne, "shi ke nan, nit tahi gida." Na mayar da wurin baya ban san sau nawa ba, har batir ya fara ja. Ban tsinci komai ba sai jakin. Na ja layi na bar gurbi.

Da Baturiyar ta karanta sai murna. Ta ce abin da matar nan ke yi da kunnenta ta bayan danga, shi ne masanansu ke son na'ura ta yi, kuma ba su ko kama hanya ba. Ta ce jibi za mu koma a cike gurbin. Ban gaya mata ko wace ce ba. Yadda Adda ba ta ce mata tana da ɗa malami a Illela ba, haka ni ma bakina ya kasa furta "mahaifiyata ce". Ni da nake zagin al'ada, ga ta ta kama ni a wuya. Kuma in faɗi gaskiya, ina son in san abin da jakin nan ya cinye mini.

Da hantsi muka isa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zauren mai gari, aka aika kiranta. Ta sa ƙafa ɗaya a zauren, ta gan ni da takardu a cinya, ta tsaya cak.

Baturiyar ta ce, "Wannan malamina ne. Shi ya rubuta maganarki, zai karanta miki."

Adda ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Ta ce, "Ke kin ce Turai akwatin za shi."

"Zai je. Amma sai an rubuta tukuna."

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafafunta. Na san in ta juya ta koma, babu wanda zai ga laifinta, ni ne na shiga inda ba a kira ni ba. Na kuma san in ta juya, ni da ita sai dai a Lahira. Ƙafafun suka daɗe a wuri ɗaya. Sannan ta shigo, ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni rabin baya.

"Ina kwana, Adda," na ce.

"Lahiya lau," ta amsa wa Baturiyar.

Na fara karatu. Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba, ɗa ya ɗauki maganar uwarsa a bakinsa yana cewa "na hwarin". Na karanta goyon, na karanta dakan, na karanta aduwar. Da na kai ƙarshen wata jimla sai na ja numfashi ta haƙora, ban ma san na yi ba, sai da na ga kafaɗarta ta motsa. Har yau haka nake yi, jikokina na kwaikwayona.

Na zo kan layin na tsaya. Baturiyar ta ce, "Nan ne ba mu ji ba. Kin ce babu shi, ba ki da wanda za ki tambaya. Sai kika yi me?"

Da ta ce ta manta, da an wuce wurin. Ana jin luguden mata daga cikin gida. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Ki ce ma malaminki shi rubuta. Sai niz zagaya bayan gidan surukata, nit tsaya ga danga, saitin ɗakin da shika kwana. Ina nan tsaye tun azahar har la'asar sakaliya, sai nij ji tari. Tarinai ne. Nic ce to, da rai. Nid ɗauki ƙwaryata nit tahi gida."

"Sau ɗaya kika je?"

"Kullum ne, har yat tashi. Ba ran kasuwa ɗai ba."

Na rubuta, don aikina ke nan. Tawada ta jiƙe a wuri biyu, na goge da hannun farar rigar nan tawa. Da ƙyar na ƙarasa karanta ragowar. Adda ta ce haka ne, babu gyara, ta tashi ta shige.

Sai a hanya Baturiyar ta tambaye ni lafiya. Na ce mahaifiyata ce. Ta taka burki har akwatin ya kusa faɗowa, ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce in ina so ta goge faifan. Na ce kada ta kuskura. Na kuma ce mata Zariya sai dai ta nemi wani.

Yau in na tuna, mamakin akwatin nan yana nan, amma ya zama ƙarami. Mutane suka ƙetaro teku da na'ura suna neman sanin yadda ake tsintar murya ɗaya a cikin hayaniya, alhali wata mai tallar fura da ba ta san bihim ba ta yi shekara da shekaru tana yi a gindin aduwa. Ni kuma mai alƙalami biyu, wanda aka ɗauka aiki saboda kunne, ban taɓa jin komai ba. Ina jiran a faɗa mini da baki, ita kuwa ba ta da bakin faɗa, sai ƙafa. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta kira sunana ba, ban kuma sake neman ta kira ba. Allah Ya jiƙanta.

Washegarin ranar na koma Araba ni kaɗai, na yi sallama gidanmu. Tana tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Sai ta kira ƙanwata ta ce, "Kai ma baƙo ruwa. Ki ce mai shi rage shan sanyi, jiya na ji muryatai ta dushe."

Ba sanyi ba ne, ita ma ta sani.